Yadda Ake Haɗa Glögg Marar Barasa a Gida

Hajiya, kin tambaya ko glögg ɗin da maƙwabtanki suka gayyace ki sha giya ce, kuma ko za ki iya haɗa irinsa a gida domin taron da za ki yi a watan Disamba. Na daɗe ina zaune a Suwidin, kuma kowane hunturu sai na dafa shi, don haka zan faɗa miki abin da na koya da hannuna.

Asalin glögg jar giyar inabi ce da ake ɗumamawa da kayan ƙamshi, kuma sunan ya fito ne daga "glödgat vin", wato giyar da aka zafafa. Ana shan sa tun daga Lahadin farko ta Advent, wato makonnin shirye-shiryen Kirsimeti, har zuwa Kirsimetin, musamman ranar bikin tunawa da waliyyiya Lucia, 13 ga Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a Stockholm tun kafin ƙarfe uku. Mai ƙarfin barasa sai a shagon gwamnati na Systembolaget ake samun sa, amma ki kula, domin na kantunan abinci ma akwai mai barasa kaɗan, wanda ake kira lättglögg, kuma ko wanda aka rubuta wa "alkoholfri" yana iya ƙunsar har kashi 0.5 cikin ɗari. Kada kuma ki yarda da masu cewa tafasawa tana korar barasar gaba ɗaya, domin takan rage ta ne kawai. Ki tambayi maƙwabtan naki kai tsaye, ba za su ji haushi ba, domin su ma sukan tanadi saftglögg, na ruwan 'ya'yan itace, saboda yara da masu tuƙi.

Saftglögg ɗin nan nake dafawa, kuma ban taɓa jin ya gaza ba, domin daɗin abin yana cikin kayan ƙamshin da kuma lokacin da aka ba su su jiƙa. Ga lita 1 ta ruwan jan inabi ina ƙara rabin lita na ruwan svarta vinbär, wasu baƙaƙen 'ya'yan itace masu tsami. Sai sandar kirfa 2, kanumfari 8, busasshiyar citta guda, ƙaramin cokali na ƙwayar kadamom da aka ɗan farfasa a turmi, da ɓawon lemu. Wajen ɓawon nan ki fere saman kawai, ki bar farin da ke ƙarƙashi, domin shi ke kawo ɗaci. Kada ki yi amfani da garin kayan ƙamshi. A shekarata ta farko na zuba garin kirfa, sai ruwan ya yi dagwalo, ya yi yauƙi a gindin tukunya, kuma duk tacewar da na yi da kyalle bai washe ba.

Ki zuba kayan a kofi biyu na ruwan, ki bar su a kan wuta kaɗan-kaɗan na minti 20, sannan ki sauke, ki rufe, ki bar su su kwana a firji. Wannan kwanan shi ne mutane ke tsallakewa saboda gaggawa, kuma shi ya sa nasu ke zama kamar ruwan lemu mai zafi kawai. Washegari ki tace, ki haɗa da sauran ruwan, ki ɗumama har sai tururi ya fara tashi, amma kada ya tafasa, domin tafasa tana kashe ƙamshin kadamom, tana kuma sa inabin ya yi ɗanɗanon dafaffen abu. Matsalar ruwan inabi ita ce zaƙi ya yi masa yawa, ba shi da ɗan kaifin da ke riƙe harshe. Maganin da na samo shi ne ɗan busasshen zoɓo, kamar cikin tafin hannu, a jefa shi tare da kayan ƙamshin. Yana ba shi tsami da launi mai duhu, kuma wata maƙwabciyata 'yar ƙasar, da ta ɗanɗana, sai da ta nemi in ba ta ƙulli guda. Sukari kuwa, sai kin ɗanɗana kafin ki sa, sau da yawa ma ba a buƙatarsa.

Ana ba da shi a ƙananan kofuna, kowanne da ɗan cokali, domin a gindin kofin ana zuba zabibi da almon da aka ɓare. Idan almon ɗinki na da fata, ki jiƙa shi a ruwan zafi na minti ɗaya, ki matsa da yatsu biyu, zai sulluɓe fari tas. Ki ajiye su a kwano daban kowa ya ɗiba, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar almon. Ki sa pepparkakor a gefe, biskit ɗin citta masu siriri, ki kuma bar tukunyar a kan mafi ƙarancin wuta da ludayi a ciki, domin baƙi sukan koma sau biyu ko uku.