Taki daga Legas zuwa Gusau: jirgin ƙasa ko tirela?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Gusau, ina sayo takin zamani da tayil daga Legas. Kuɗin tirela ya ishe ni. An ce jirgin ƙasa ya fi sauƙi, ga layin dogo ya ratsa garinmu. In koma can?

Amsa: Alhaji, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa maganar ba. Jirgi ya fi arha idan kayan na da nauyi da yawa, tafiyar kuma doguwa ce, domin ƙarfe a kan ƙarfe ba ya shan mai kamar taya a kwalta, ga kan jirgi ɗaya na jan taragu da dama. Shi ya sa Turawa suka ja layi daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya isa Kaura Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga.

To amma namu tsohon layi ne, faɗinsa milimita 1,067. Sabon da aka buɗe a 2021 daga Legas, wanda ya shiga har tashar ruwa ta Apapa, nasa 1,435 ne, kuma a Ibadan ya tsaya. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Reshenmu kuwa ya daɗe ba shi da jirgin kaya da ɗan kasuwa zai ɗora lissafinsa a kai.

Wurin da riba ke zurarewa shi ne lodi da saukewa. Tirela buhu 600 take ɗauka, tan 30, lodi ɗaya, saukewa ɗaya, a ƙofar sitonka. Ta jirgi sai ka biya motar kai kaya tasha, ka biya 'yan dako, a sauke a wani gari, a sake loda mota zuwa Gusau. Kowane juyi buhu na fashewa, tayil kuwa kada ma a yi zancensa. Sannan taki kayan lokaci ne: in ya iso bayan damina ta yi nisa, jarinka ya kwanta sai baɗi.

Shawarata, kayan tirela ɗaya ko biyu ka bar su a mota. In kun haɗu da yawa har za ku cika taragu, ku je ofishin Hukumar Jiragen Ƙasa a Zariya da ƙafarku, ban da dillali. A rubuta muku farashi, ranar tashi, da wanda zai biya in kaya sun lalace. Mai shigo da kwantena kuma ya tuntuɓi tashar tsandauri ta Funtuwa, wato inda ake karɓar kwantena a kan tudu kamar a tashar ruwa, da aka buɗe a 2024, ita ta fi kusa da ku.

Tambaya: Albasa nake turawa kudu daga Aliero. Jirgi zai yi mini?

Amsa: Hajiya, layin dogo bai shigo jihar Kebbi ba. Ko da ya shigo, albasa ba ta jure zaman jira a tasha cikin rufaffen tarago. Ki riƙe direban da kika yarda da shi, ki tabbata an bar wa buhunan hanyar shan iska.