Mutum zai iya nuna wariya bai sani ba?

Tambaya: Ni nake tantance takardun masu neman aiki a wani kamfani a Kaduna. Abokiyar aikina ta ce yawancin waɗanda nake kira ganawa 'yan yankinmu ne. Wallahi ban taɓa nufin haka ba. Anya hakan na yiwuwa?

Amsa: Yana yiwuwa ƙwarai, Malam, kuma rantsuwarka ba ta ƙaryata ta ba. Ido yana faɗawa kan suna kafin ya kai ga sakamakon jarrabawa. Sunan da ka saba ji tun kana yaro sai ya kwanta maka a rai, baƙon suna kuwa ka soma laluben aibu a takardarsa, kana ganin ƙwarewa kake dubawa.

A 2004 wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa wani bincike. Sun aika takardun neman aiki na bogi kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Chicago a Amurka. Wasu suka sa musu sunaye irin na fararen fata, kamar Emily da Greg, wasu kuma irin na baƙaƙe, kamar Lakisha da Jamal. Ilimi da gogewa dai-dai wa daida. Amma Emily ta aika kamar 10 a kira ta sau ɗaya, Lakisha sai ta aika kamar 15. A nan gida suna ya fi haka tona asiri, don yakan faɗi ƙabila da addini a lokaci guda.

Ɓarnar ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Wanda ba a kira ba bai san dalili ba, ya gaji ya daina nema, gobe a ce ai mutanensu ba sa neman aiki.

Akwai gwajin kwamfuta da Anthony Greenwald da abokansa suka fito da shi a 1998 don auna wannan hali. Ni dai ban cika dogara da shi kan mutum guda ba, sakamakonsa yakan sauya in an maimaita.

Abin da ya fi shi: ɗauko fayilolin bara ka ƙirga waɗanda ka kira, ka ga daga ina suke. A zagaye na gaba kuma, rubuta sharuɗɗan aikin kafin ka buɗe ko takarda ɗaya, ka sa ita abokiyar aikin taka ta rufe suna, hoto da jihar asali, ta sa wa kowace lamba, sannan ta miƙo maka.