Bayan mura sai jini ya kwanta a farin idona

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 47, kuma ina fama da hawan jini. Makon jiya na yi mura mai tsanani da zazzaɓi da tarin da har ƙirji ke ciwo. Da na fara samun sauƙi, sai na wayi gari na ga jini ya kwanta jajir a gefen farin idona na hagu. Ba ya ciwo, kuma ina gani sarai. Maƙwabciyata ta ce Afolo ne, ɗana kuma ya ce ya karanta cewa irin wannan mura, musamman korona, tana lalata jijiyoyin jinin ido. Shin makancewa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda kika kwatanta shi, ki kwantar da hankalinki. Akwai wani siririn tantani mai sheƙi da ya lulluɓe farin ido, kuma cike yake da ƙananan jijiyoyin jini masu saurin fashewa. Duk lokacin da mutum ya yi tari mai ƙarfi, ko atishawa, ko ya fyace majina da ƙarfi, jini kan taso da matsi zuwa kai. Idan mura ta riga ta kumbura waɗannan jijiyoyi, ga kuma hawan jini a gefe, ɗaya daga cikinsu na iya fashewa. Ɗigon da ya fita ba shi da yawa, sai dai yana bazuwa ne a kan fari, shi ya sa yake tayar da hankali. Jiki da kansa yake shanye shi cikin mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku. Kafin ya ɓace zai koma ruwan ɗorawa, kuma alamar warkewa ce.

Batun Afolo kuwa, bai yi kama ba. Wannan ciwo, wanda annobarsa ta fara ɓulla a Ghana a 1969, yakan zo da raɗaɗi kamar an zuba yashi, da hawaye da kumburin fatar ido, yakan kama ido biyu, kuma kafin a ankara ya zagaye gida. Ke naki ido ɗaya ne, ba ciwo.

Ɗanki ma yana da gaskiyarsa, amma a wani ɓangaren ido daban. A can bayan ido akwai tantanin da ke ɗaukar hoton abin da muke kallo, wato retina, wadda jijiyoyin jini ƙanana ƙwarai suke ciyarwa. Ƙwayar cutar korona tana iya kumbura bangon jijiyoyin jini daga ciki, ta kuma sa jini ya yi saurin daskarewa. Likitocin ido sun ga ɗigon jini da fararen tabo a retinar wasu da suka yi korona, musamman waɗanda ta kwantar sosai, kuma an samu waɗanda jijiyar ta toshe. Mura mai zafi ta infuluwenza ma wani lokaci takan bar ɗan duhu kusa da tsakiyar gani. Abin ba ya yawan faruwa, amma masu hawan jini da ciwon suga da sikila su ne jijiyoyinsu suka fi rauni tun asali. Wahalar ita ce wannan ba ya nunawa a madubi. Farin ido zai iya kasancewa tas, gani ne kawai zai canja, kuma galibi babu ciwo.

Don haka ga gwajin da nake so ki riƙa yi kullum har jan ya tafi. Ki rufe ido ɗaya da tafin hannu, ki kalli rubutu ko gefen ƙofa, sannan ki sauya. Mutane da yawa ba sa gane ido ɗaya ya samu matsala saboda ɗayan yana rufa masa asiri. Idan kika ga dishi-dishi, ko duhu kamar an saki labule a wani gefe, ko miƙaƙƙen layi ya karkace, ko baƙaƙen ɗigo sun yawaita farat ɗaya, ki je asibitin ido a ranar, kada ki jira gobe. Toshewar jijiyar da ke kai wa retina jini sa'o'i kaɗan take bayarwa kafin gani ya lalace. Haka nan idan ciwo ya shigo, ko haske ya fara damunki, ko jinin ya riƙa dawowa, ko kika ga haɓo da zubar jini a dasashi.

Abin da ya fi ba mu wahala a asibiti shi ne abin da ake ɗiga wa idon. Ruwan suga, nonon mai shayarwa, fitsari, duk ba sa cire jinin, sai dai su shigar da ƙwayoyin cuta. Maganin ɗigawa na kemis mai sinadarin dexamethasone shi ma ki guje shi, domin yawan amfani da shi yana jawo hawan jinin ido da yanar ido. Idan idon yana miki ƙaiƙayi, ruwan ɗigawa mai jiƙa ido kawai ya isa, kuma kada ki murza.

Ki auna jininki a yau ɗin nan. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna ɗaga shi, saboda haka ki nuna wa likitanki wanda kika sha. Idan kuma kina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ki sanar da shi, amma kada ki daina da kanki.