Oga ya ce kar a sake taɓa rauta

Tambaya: Salam Malam. Ni ke kula da netwok ɗin wani kamfani a Kaduna, rassa uku, duk rautar MikroTik muke amfani da ita. Bara ina cikin yi wa ɗaya ofdet aka ɗauke wuta, ta ƙi tashi, kwana biyu ba intanet a reshen. Tun ranar oga ya ce tunda suna aiki a bar su haka. Ya zan yi? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na fahimci oga, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma wallahi barinsu haka ya fi haɗari. A watan Afrilun 2018 MikroTik ta toshe wata ɓaraka a Winbox, manhajar da ake saita rautar da ita, da ke bari a sace kalmar sirri, mutane da yawa ba su yi ofdet ba, zuwa Agusta sai ga sama da rauta 200,000 a hannun masu kutse, yawanci a Brazil, ana haƙar kuɗin kirifto ta kansu, kuma duk suna aiki lafiya lau masu su ba su sani ba. Wannan labarin za ka kai wa oga.

Abun da ya kashe maka rauta bara wuta ce, don haka kar ka fara ofdet sai rautar tana kan UPS ko inbata mai caji. Ka ɗauki bakof iri biyu, fayil ɗin bakof da kuma export, don na farkon na'urar da ya fito kawai yake yi wa amfani, shi kuwa export rubutu ne, za ka iya karantawa ka kwafa zuwa wata. Ka sauke su a laftof ɗinka, kar ka bar su cikin rautar!

Ka fara da reshen da ya fi kusa da kai, bayan an tashi aiki, kana zaune gabanta da wayar netwok da manhajar Netinstall a shirye, ita ce ke tayar da rautar da ta mace. Ka ba ta mako guda kafin ka taɓa sauran. In kana RouterOS 6, wato manhajar da rautar ke gudana a kai, kar ka yi tsalle zuwa 7 da gaggawa, tsarin OSPF da BGP, ƙa'idojin da rauta ke bi wajen zaɓar hanyar aika bayanai, ya canza sosai.

Sai abun da yara da yawa ke mantawa: bayan ta tashi ka shiga sashen RouterBOARD, mai kula da manhajar da ke tayar da na'urar, ka sabunta shi ma, ka sake kunna ta.