Tambayoyinku: Ta ina mutum zai fara janye jiki daga Google da WhatsApp?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Kwanaki wayata ta ɓata, ga shi na manta kalmar sirrin Gmail ɗina, sai da na yi mako biyu ba ni da lambar kwastoma ko ɗaya. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba da yadda komai nawa ke hannun kamfani ɗaya. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Tsoronka yana kan hanya. Asusun Gmail aro aka ba ka, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Lambobinka da hotunanka da wasiƙunka suna zaune ne a kwamfutocin kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Amurka, kuma shi ke riƙe da makulli.

Fara da kwafe kayanka, kafin ka yi tunanin ƙaura. Shiga manhajar lambobin waya ka fitar da su duka a fayil ɗaya, irin mai ƙarewa da .vcf, ka ajiye a mimori ko filasha. Sauran kayan kuma Google da kansa ya tanadi Google Takeout, inda za ka sauke wasiƙu da hotuna da takardu gaba ɗaya. Yana cin data sosai, don haka ka bari sai ka samu intanet mai araha.

Daga nan ka buɗe sabon imel. Biyu nake ba da shawara: Proton Mail, wanda masana kimiyya da suka haɗu a cibiyar binciken kimiyya ta CERN suka kafa a Siwizalan a 2014, da Tuta na Jamus. Dukansu suna da tsarin kyauta, kuma suna kulle akwatinka ta yadda su kansu ba sa iya karanta abin da ke ajiye ciki. Amma nan ne nake so ka natsu, tunda mantuwa ce ta jawo maka wahalar farko: idan ka manta kalmar sirrin Proton kuma ba ka tanadi hanyar dawowa ba, tsofaffin wasiƙunka sun kulle ke nan, kamfanin ma ba shi da yadda zai yi. Proton yana bayar da kalmomi 12 na dawo da asusu. Rubuta su da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun shago.

Kada ka rufe Gmail yanzu. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari. Play Store na wayarka yana buƙatarsa, bankinka da Facebook ɗinka ma wataƙila da shi ka yi rajista. Duk mako ka ɗauki wuri ɗaya ka sauya adireshin zuwa sabon, ka fara da banki. Ka kuma sani, wasiƙar da ka aika wa mai Gmail ta sake komawa hannun Google ta ɓangarensa.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Katsina. 'Yan'uwana sun ce mu bar WhatsApp mu koma Telegram don ya fi sirri. Haka ne?

Amsa: Malama, a nan 'yan'uwa sun yi kuskure, kuma kuskure ne da ya yaɗu tun watan Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ya sauya sharuɗɗansa jama'a suka yi ta gudu. A Telegram, hirar yau da kullum da ta rukuni duk suna ajiye ne a wurin kamfanin ta yadda zai iya buɗewa. Sai kin zaɓi hirar sirri ta musamman tsakaninki da mutum ɗaya ake kulle ta daga waya zuwa waya. WhatsApp kuwa tun 2016 yake kulle kowane saƙo a haka.

Matsalar WhatsApp tana wani wuri. Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ba ya ganin abin da kika rubuta, amma ya san lambarki, da lambobin da ke wayarki idan kin ba shi izini, da rukunonin da kike ciki, da lokutan da kike hawa. Wanda ya san gidajen da kike shiga da sa'ar da kike fita ya san rabin rayuwarki ko bai ji me kuka tattauna ba. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kuma yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya na cikin laifukan da ta lissafa.

Idan sirri kuke nema, Signal ne, wata manhajar hira irin WhatsApp. Gidauniya ce da ba ta neman riba ke tafiyar da shi, kuma Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri WhatsApp, shi ya zuba mata dala miliyan 50 a 2018. Kullin da WhatsApp ke amfani da shi ma na Signal ne. Lokutan da kotu a Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da Signal, abin da suka iya miƙawa shi ne ranar da ya yi rajista da ranar ƙarshe da ya hau. Ku fara da rukunin gida, inda ake tura hotunan yara da maganar rashin lafiya da ta gado. Rukunin iyayen ɗalibai zai daɗe a WhatsApp, don haka ki shiga saitin ajiyar hira ki kunna kullewar ajiya, domin kwafin da ke tafiya Google Drive ba ya samun wannan kullin sai kin kunna da kanki.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Damagaram, Tecno nake riƙe da ita. Na ji ana iya cire Google gaba ɗaya a saka GrapheneOS.

Amsa: Ƙanena, GrapheneOS, wato tsarin Android da ba ya zuwa da manhajojin Google, a wayoyin Pixel kaɗai yake aiki. Kada ka bari wani mai gyara ya ce zai ɗora maka shi a Tecno, za ka iya rasa wayar. Abin da ke hannunka ma yana da yawa: saka Firefox, wato manhajar shiga shafukan intanet, ka ƙara masa uBlock Origin, zai toshe tallace-tallace da masu bin sawu, datarka ma ta ƙara auki. Mayar da injin bincike zuwa DuckDuckGo. Sauke taswirar Nijar a Organic Maps, tana aiki ko babu sabis. Sannan ka bi manhajojinka ɗaya bayan ɗaya ka duba waɗanda ka ba izinin ganin lambobi da wuri da makirfo, musamman na bayar da bashi. Idan kuma akwai GBWhatsApp a wayar, wato WhatsApp ɗin da ba na asali ba, shi za ka fara gogewa yau, don ba ka san wanda ya haɗa shi ba, kuma duk saƙonninka ta hannunsa suke bi.