Ƙanena, ajiye bokitin nan sai watan Mayu

Na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Manitoba, za ka sauka nan birnin Winnipeg na ƙasar Kanada a watan Janairu, kuma kana tunanin da zarar ka huta za ka sayi bokiti da soso ka riƙa wanke wa mutanen unguwa motoci don samun na kashewa, kamar yadda ka saba yi wa Baba a Kano kowace safiya. Barka da arziki, Allah ya sa a fara a sa'a. Amma maganar bokitin nan, tsaya mu yi ta a nutse.

Sanyin da ka sani na hunturu, wanda ake hura wuta a ƙofar gida a sha shayi, ba shi ne na nan ba. A Janairu, digiri 20 ƙasa da sifili rana ce ta yau da kullum, dare kuwa yakan wuce 30, iska ta ƙara masa kaifi. Ruwa yana daskarewa ne a sifili. To ka lissafa da kanka. Ko famfon waje ma ba za ka samu ba, tun watan Oktoba masu gidaje suke rufe shi su naɗe tiyo, don kar ruwa ya daskare a cikin bututu ya fasa shi.

Ni na yi wannan wautar a shekarata ta farko, shi ya sa nake maka magana da ƙarfin gwiwa. Motata ta yi fari fat da gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara, kunya ta ishe ni, na ɗebo ruwan ɗumi daga banɗaki na sauko da shi. Kafin in zagayo ɗaya gefen, na farkon ya zama gilashi. Tsumman hannuna ya ƙage kamar busasshiyar fata. Na lallaɓa na gama, na shige ɗaki ina jin na yi abin kai. Da asuba ƙofa ta ce ba ta san ni ba. Ruwan da ya shiga tsakanin robar ƙofa da jikin mota ya manne su gam, na ja da ƙarfi, robar ta yage. Ramin makulli shi ma ya toshe. Ranar a bas na tafi aiki, a makare. Wani dattijo maƙwabcina ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙanƙarar da na shimfiɗa a inda mutane ke wucewa, bai ce komai ba, ya ɗauko yashi ya barbaɗa. Da wata tsohuwa ta zame a wurin ta karye, da ba a robar ƙofa maganar za ta tsaya ba.

Ba ƙofa kaɗai ba ce. Waifa takan manne da gilashi, in ka kunna ta a haka ka yaga robarta ko ka ƙona ɗan injinta. Gilashin taga yakan ƙi sauka. Birkin hannu, in ka ja shi da jiƙaƙƙun tayoyi ka bar mota ta kwana, yana iya ƙin saki da safe. Kuma don Allah kar wani ya ruɗe ka ka watsa ruwan zafi a gilashin gaba don narkar da ƙanƙara. Zafi da sanyi in suka haɗu farat ɗaya, gilashin tsagewa yake, musamman in da ma akwai ɗan tabon tsakuwa a jikinsa. Sai kuma hannunka. Jiƙaƙƙen yatsa a irin wannan sanyi, cikin mintuna yake mutuwa ya yi fari, kuma yana iya mannewa da ƙarfe.

Kar ka ɗauka cewa nake a bar mota da dauɗa har bazara. Hukumar birni tana zuba yashi da gishiri a kan titi don rage santsi, gishirin nan kuwa shi ne ajalin motocin ƙasar nan. Yana cin ƙarƙashin mota, bututun birki, salansa, bakin tayoyi. In za ka sayi tsohuwar mota, durƙusa ka leƙa cikinta ta ƙasa kafin ka yaba fentinta. Wanki dole ne, sai dai ba a waje ba. Ana zuwa wurin wankin mota rufaffe mai ɗumi, a zaɓi wanda ke fesa ruwa ta ƙasa. Ni nakan jira ranar da sanyi ya sassauta ya kusa sifili, in je da rana tsaka. Ina gamawa in buɗe ƙofofi huɗu da but in goge robobin tas da busasshen tawul, in kunna hita, in yi tafiyar minti goma ina ɗan taka birki don ya bushe. Ranar da ta kai 25 ƙasa da sifili kuwa, ko mota ta koma kalar toka na bar ta.

Maganar neman kuɗi, ka ga ai kasuwar bokiti a rufe take rabin shekara. Tun Nuwamba 2024 an yarje wa ɗalibin ƙasar waje aikin awa 24 a mako a wajen makaranta lokacin karatu, ka duba abin da takardar izininka ta ce. In wankin motar kake so, nemi aiki a waɗancan rufaffun wuraren, ko kamfanonin ba da hayar mota, can a cikin ɗumi ake yi.

In ka sayi motar, ka fesa wa robobin ƙofa man silikon tun kafin sanyi ya kankama, ruwan wanke gilashi kuma ka sayi wanda aka rubuta yana jure digiri 40 ƙasa da sifili. Akwai wata 'yar kwalba ta narkar da ƙanƙarar makulli, ba ta da tsada. A aljihun rigarka za ka ajiye ta. Ni tawa ta farko a cikin motar na bar ta, ina hango ta ta gilashi.

Ka gaishe min da Baba da su Hajiya. Ka turo min ranar saukarka, in zo da rigar sanyi filin jirgi.