Amsa ga ƙanenmu mai son kiwon shak a falo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo jiya da dare, inda ka ce ka ga ƙwan kifin shak na sayarwa a intanet, kana son a kawo maka daga Legas ka ƙyanƙyashe shi cikin akwatin gilashi a falonka, ka haɗa shi da wannan kifin mai faɗi kamar faifai. Wallahi ban ga laifinka ba, ni ma sha'awar nan ta taɓa kama ni. Amma don Allah ka saurare ni har ƙarshe.

Ƙwan nan galibi na shak ɗin da ake kira bambu ne, na tekun wajen Indunusiya. Yakan yi kamar wata 4 kafin ya fashe, ɗan ya fito bai kai tsawon taƙi ɗaya ba, abin sha'awa. To ba haka zai tsaya ba. In ya girma yana kai kusan mita ɗaya, kuma a ƙasan ruwa yake kwanciya, saboda haka faɗi yake so, ya samu wurin juyawa. Ka lissafa lita 1000. Bido 40 ke nan na lita 25, a Damagaram ɗin nan da muke jiran ɗan garuwa tun da asuba.

Sannan ruwan teku ne fa. Kowace lita giram 35 na gishiri, wato kilo 35 tashin farko, kuma duk mako ɗaya ko biyu za ka kwashe kashi ɗaya cikin goma ka haɗa sabo. Ba gishirin Bilma ba, ba na miya ba, wani haɗi ne na musamman da ake kawowa daga waje.

Duk wannan mai kuɗi zai iya. Abin da ya fi damuna shi ne zafi da kuran, wato wutar lantarki. Kifin nan tsakanin digiri 24 da 27 yake rayuwa, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun wuce 40. Ruwa in ya ɗumama iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa a cikinsa, famfo kuma in an ɗauke wuta ya tsaya. Bazarar bara ta faru da ni. Cikin dare wuta ta tafi, gurup ba mai. Na haska tocila, na ga kifayena sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa. Na yi ta ɗibar ruwa da moɗa ina zubawa daga sama har hannuna ya sage, na jefa robobin ƙanƙara biyu. Kafin kiran assalatu rabinsu sun juya ciki sama. Waɗannan fa na ruwan daɗi ne, masu juriya. Har yau abin yana ci mini rai.

Shi kuma mai kama da faifan, akwai ƙaya mai dafi a wutsiyarsa. Irinta ce ta kashe Steve Irwin, mutumin Ostareliya mai shirin namun daji, a 2006, ko da yake nasa babba ne. Kana da yara a gida. Cikinsa kuma laushi gare shi, sai yashi mai taushi, tsakuwa takan kurje shi ya yi gyambo. Mai ɗigon shuɗin nan da ya fi kyau a hoto, sau da yawa ƙin cin abinci yake yi a akwati har ya mutu. Au, na manta, maganin cutar kifi mai tagulla a ciki guba ne gare su dukansu biyun.

Ni dai shawarata, kada ka tura kuɗin nan. Ka fara da lita 200 na ruwan daɗi, ka sa wa famfon sola da batir, ka fitar da kifayen bazara ɗaya da ransu. Ran Juma'a bayan la'asar ina gida, ka zo in nuna maka yadda na haɗa nawa, in ba ka ƙanana guda shida ka fara da su.